Mace Ɗaya, Nasara Huɗu

Muntari mai atamfa ba ya dukan mace a fuska. Allah ya kiyaye, ai shi mutum ne mai tsari. Fuska tana kumbura, maƙwabta su gani, a shiga tambaya. Shi kunne yake nema. Sai ya buɗe tafin nan nasa mai faɗin faranti, ya ɗan lanƙwasa shi kamar zai ɗebi ruwa a randa, ya kifa a kunnen hagu, tas! Ba kumburi, ba shati, hijabi ya rufe sauran. Gobe ka gan shi a shago yana warware wa mata turmi yana cewa, “Hajiya, wagga kalar don ke anka yi ta,” ka rantse ko sauro bai taɓa kashewa ba.

Matarsa Sadiyatu ita ta san abin da ke bayan wannan fara'a. Shekara huɗu a gidansu na Ƙofar Dundaye, kunnen hagu ya tashi daga ƙugi zuwa zogi, daga zogi zuwa ruwa mai wari, har ya yi ɗif kamar rediyon da batir ya ƙare. Saura na dama. Shi take lallaɓawa. Da shi take jin kiran salla, da shi take jin kukan Rukayya, 'yarta mai wata tara. To kuma tun da Muntari ya lura hagu ya ajiye aiki, ya fara sauya hannu.

Wata maƙwabciya ce ta raɗa mata, a kunnen da ke ji, cewa akwai wani ofishi a Mabera da ke taimakon mata irinta. Suna ba da takarda a kai wa likita ya duba kyauta, suna haɗa mace da lauya, har ɗaki gare su a wani gida da miji bai san hanyarsa ba. Sadiyatu ba ta son lauya, ba ta ma san yadda ake magana da shi ba. Takardar likita take so, da ɗakin nan, ko na sati biyu ne, kunnen ya huta kafin ya bi ɗan'uwansa.

Ranar Talata ta ce za ta kai yarinya allurar riga-kafi. Ta goya ta, ta hau kabu-kabu, sai Mabera.

Ta faɗo a kan gaɓa, in ji masu ofishin. Satin nan ma'aikata suka dawo daga bitar kwana goma a otal, inda aka koya musu tattara bayanai. An kwashe tsofaffin rajistoci an tura ƙarƙashin tebur, an ba kowa tabulet a cikin riga baƙa. Wadda ta karɓi Sadiyatu sunanta Laraba, 'yar wani malamin makaranta ce mutumin Kudancin Kaduna, amma a Sakkwato aka haife ta. Yarinya mai kirki, ta ba ta ruwan sanyi, ta yi wa Rukayya wasa. Sai dai ta riƙe tabulet ɗin nan da hannu biyu kamar an ba ta jaririn wani.

“Maman Rukayya, yanzu komai a nan muke sawa. Ba abin da zai ɓata. Akwai rauni da ake gani?”

“Kunne na, Malama.”

Laraba ta leƙa. Kunne dai kunne ne, har da ɗan kunnensa.

“Daga ciki yake?”

“Daga ciki.”

“To tambayar ta ce wanda ake gani.” Ta ciji leɓe, ta danna a'a. “Lambar waya?”

“Ba ni da waya. Ya amshe ta tun bara.”

Laraba ta tsallake, ta danna gaba. Na'ura ta yi ƙara, gurbin ya yi ja. Ta sa sifili goma sha ɗaya. Na'ura ta ce ba ta san wannan wasan ba.

“Ba ya wucewa sai da lamba. Ba wata da kika haddace?”

Akwai mana. Lamba ɗaya Sadiyatu ta haddace a duniya, ita take bayarwa a asibiti, ita ta bayar wajen katin zaɓe, ita kowace matar aure take bayarwa in an tambaye ta: ta maigida. Ta karanto ta tiryan-tiryan kamar Fatiha. Na'ura ta karɓa da murna.

Sai Laraba ta yi mata bayanin tsarin. Launi uku ne. Ja na wadda ta zo da raunin da ido ke gani, ko wadda ta zo sau uku a kan fayil ɗaya. Ita ake ba takardar likita da ɗaki. Ruwan ɗorawa na wadda za a bibiya. Kore na wadda aka sulhunta, an rufe fayil.

“Ke yanzu ruwan ɗorawa ce. Bayan sati biyu za a bibiye ki.”

Sadiyatu ta yi godiya. Ta ɗauka bibiya na nufin wani zai zo.

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci. Muntari na zaune a tabarma da farar shadda, ta durƙusa tana zuba masa miyar yakuwa a kan tuwon shinkafa, wayarsa ta yi ƙara. Hannunsa na cikin kwano, sai ya danna da ɗan yatsan hagu ya sa ta a sifika.

“Salamu alaikum, daga ofishin taimakon mata ne na Mabera. Muna bibiyar ƙorafin da Sadiyatu ta kawo. Ko tana kusa?”

Ludayi ya tsaya a iska. Muntari ya dube ta. Wallahi ko gira bai ɗaga ba. Murmushi ma ya yi, irin na shago.

“Allah sarki! Sannunku da aiki, Hajiya. Ai ɗan saɓani na, irin na harshe da haƙori. Mun shirya tuni. Ga ta nan ma, tuwo mukai. Sadiya, amshi ki gaisa da mutanenki.”

Ya turo wayar gabanta da bayan hannu. Mai kiran ba Laraba ba ce, wata ce daban, daga jin muryarta jerin sunaye ne a gabanta tana sauri ta kai ƙarshe.

“Sadiyatu, komai lafiya yanzu?”

“Lahiya lau.”

“Ba wata matsala?”

Ta dubi tafin da ke murza loma.

“Babu.”

“Alhamdu lillahi. To mun rufe fayil. A ci gaba da haƙuri da juna.”

Muntari bai yi gaggawa ba. Ya cinye tuwonsa tas, ya suɗe kwano, ya sha ruwa, ya yi gyatsa, ya ce alhamdu lillahi. Ya miƙo hannu ta zuba masa ruwa ya wanke. Da hannun nan, ko bushewa bai yi ba, ya kifa mata a dama.

“Riga-kahi ko? To ga na biyu.”

Kwana uku tana jin duniya kamar ta tsoma kai a cikin bokiti.

Ta kai kuka wajen uwarsa, Inna Delu, da ke sashen gaba. Tsohuwa na tsinke zogale, ba ta ko ɗago ba.

“Ke ɗiyar nan, mi kika so a yi? Ubanai haka yat tashi, Allah shi jiƙanai. Dubi nan.” Ta ɗaga leɓe ta nuna giɓi. “Biyu na bari gidan ga, kuma ga ni, ban mutu ba. Ke da anka bar miki haƙoranki cas, har ki kwashi asirin gida ki kai ma masu wando? Ki rage baki, shi rage hannu.”

Ta je wajen kawunta, wanda ya ɗaura mata aure tun da mahaifinta ya rasu. Ya saurara yana jan carbi.

“Yana ba ki ci?”

“Yana ba ni.”

“Sutura?”

“Kawu, atamfa yaka saidawa.”

“To mari dai? Ni na ɗauka wani abu na babba. Tashi ki koma tun bai san kin hito ba. Zahin garin ga kaɗai ya isa shi sa namiji shi yi abin da bai yi niyya ba.”

Shi kuwa gogan, sabon dalili ya samu, kuma dalilin da daɗinsa. Zai kira ta daga ɗaki, ba ta ji ba. Ya sake kira, ba ta ji ba. Sai ya fito.

“Raini na! Ina kira kina ji kin yi banza da ni!”

Ka ji fa. Ya kashe kunne, yana dukan kunne don bai ji ba.

Ta koma Mabera bayan wata guda. Wannan karon ba ta yi ƙaryar riga-kafi ba, don ba a bukata. Muntari na ganin ta ɗauki hijabi ya yi dariya.

“Ohis za ki? Ki gaishe su. Ki ce su kira da yamma, da rana ina da mutane.”

Laraba ta tafi wata bitar, kashi na biyu. Wadda ke kan teburin ta nemi sunanta a na'ura, ta ce fayil ɗin a rufe yake, an sulhunta, kuma rufaffen fayil ba mai buɗe shi sai shugaba, Hajiya Lantana, ita ke da lambar sirri, ita kuma tana taro. Buɗe sabo ya fi sauri.

“Don Allah kada ku kira lambar nan,” in ji Sadiyatu. “Ta mijina ta.”

“To ba ni wata.”

“Ba ni da wata.”

“To kin gani.” Amma ta tausaya, ta rubuta a gurbin ƙarin bayani, can ƙasa: kada a kira. Gurbin nan kuwa ba ya fitowa a jerin da ake ba mai kira. Suna da lamba kawai ke fitowa.

Sati biyu cif, waya ta yi ƙara. Muntari har ya saba, ya tambayi mai kiran ya yara, ya zafi. Kore na biyu.

Zuwa na uku, hijabinta na manne da kunne saboda ruwan da ke fita. Ta fara cusa auduga. Ta fara kallon bakin mutane in suna magana, ta fara cewa “na'am?” sau biyu, sau uku, har masu awo suna tsaki. Rukayya ta faɗo daga kan gado wata rana da hantsi, ta yi ta tsala kuka a ɗaki, uwar na tsakar gida tana wanki ba ta sani ba, sai da Inna Delu ta zo ta dungure mata kai.

“Uwar banza! Ɗiya na kuka kina waƙa!”

Ba waƙa take ba. Gwada muryarta take, ta ji ko tana nan.

A ofis aka sake buɗe sabo. Aka sake kira. Kore na uku. Na huɗu ma haka, kamar an sa faifai.

Kai kuma in ka shiga ofishin nan a watannin, sai ka yi sha'awa. An manna babban zane a bango, sanduna kore dogaye kamar rake, ja ɗan guntu a gefe abin tausayi. A sama an rubuta: kashi casa'in da shida cikin ɗari an sulhunta. Hajiya Lantana kan tsaya gabansa a ɗauke ta hoto. Kafin zuwan tabulet, in ji ta, aiki ake a duhu.

Zuwa na biyar ranar Litinin ne. Laraba na ganin ta ta miƙe tsaye, kujera ta faɗi.

“Ke nake nema! Wallahi ke nake nema!”

Ta ja ta kusurwa, ta zauna ta ɓangaren dama, ta sa baki kusa da hijabi. A bita ta uku, in ji ta, an koya musu yadda ake jera bayanai a gano wanda ya maimaitu. Kowa ya gwada da sunayen wasa ya rufe. Ita da ta dawo sai ta ce bari ta gwada da na gaske. Ta jera lambobin waya. Ta juyo da kwamfuta ta nuna mata: layi huɗu, ɗaya kan ɗaya, lamba iri ɗaya, suna iri ɗaya, kowanne da ɗigon kore a ƙarshe.

Sadiyatu ta yi firamare, ta iya karanta sunanta. Ta karanta shi sau huɗu.

“Duk ni ta?”

“Duk ke ce. In aka haɗe su fayil ɗaya, tun zuwa na uku kin zama ja. Tun wata biyu da suka wuce ya kamata a ce kina da takarda da ɗaki. Taso.”

Hajiya Lantana na ofishinta, fanka biyu na kaɗawa, tana duba samfurin jakunkunan da za a raba ranar Alhamis. Masu ba da tallafi za su zo daga Abuja. Ta saurari Laraba har ƙarshe, don ita ba ta katse mutum. Ta dubi Sadiyatu da tausayi na gaske, har da girgiza kai.

“Sannu ɗiyata. Allah shi isar miki.” Ta juya. “Laraba, ita kaɗai ta?”

“Na samu wasu goma sha ɗaya, Hajiya. Amma nata ya fi yawa.”

Hajiya ta ajiye jakar da ke hannunta.

“Kin san rahoto ya tahi tun ranar Laraba? Casa'in da shida munka rubuta. In kin haɗe waɗanga, nawa za shi koma?”

“Ban lissafa ba.”

“To ni na lissahwa. Mutanen ga in sunka ga lamba ta sauka, ba su tambayar dalili, sai su rufe jaka. In sun rufe, wa za mu taimaka? Ita? Ke albashinki daga ina? Ku bari Alhamis ta wuce. Juma'a da sahe ni da kaina za ni buɗe fayil ɗin.”

“Hajiya, kunnenta na ruwa.”

“Wata huɗu yana ruwa, kwana huɗu ba su kashe shi.”

Sadiyatu ba ta ji rabin maganar ba, amma ta ga hannun Hajiya yana tura iska gaba, alamar sai an jima. Wannan yaren ba ya bukatar kunne.

Ta koma gida. A ranar Talata miya ta yi gishiri. A ranar Laraba ya kira ta sau uku daga zaure ba ta amsa ba. Wannan na ranar Laraba shi ne wanda ta ji wani abu ya yi ɗas a ciki, kamar an fasa ƙwai, sai ɗumi ya biyo wuyanta.

To ga inda abin ya zama wasan kwaikwayo. Ana bukatar waɗanda suka amfana su cika kujeru ranar Alhamis, sai aka ce wa na'ura ta aika gayyata ga duk masu kore. Na'ura ba ta da wayo, ba ta da mugunta, abin da aka ce shi take yi. Wayar Muntari ta karɓi gayyata har huɗu.

“Kin gani? Sau huɗu sunka roƙe ni,” ya faɗa yana nuna mata, bakinsa har kunne. “Akwai shinkahwa da kaza, akwai hoto. Sa atamfar nan sabuwa, kada ki ba ni kunya.”

An kafa rumfa a harabar ofis. Ga baƙi uku a gaba da ruwan roba, babbarsu wata mata mai gilashi da ɗan littafi. Ga majigi yana haska zanen rake a farin ƙyalle, Laraba na zaune gefe da kwamfuta tana sauya hotuna, idonta ya faɗa kamar ba ta yi barci ba. Da ta hango Sadiyatu da mutumin da ke gefenta, hannunta ya tsaya a kan madanni.

Aka ce ko akwai magidancin da zai yi magana. Kafin a rufe baki Muntari ya miƙe, ya gyara hula, ya karɓi makirfo kamar da shi aka haife shi.

“Ni shaida na. Mutanen ga ba su barci. Sau huɗu suna kirana, sau huɗu! Ko uwata ba ta bibiyata haka. Da can akwai 'yan matsaloli, amma yanzu gidana ko ƙarar cokali ba ka ji.”

Aka tafa. Sadiyatu ta ga tafin, ta ga hannuwa na haɗuwa suna rabuwa, abin da ya iso gare ta bai fi yayyafi a kan kwanon maƙwabta ba.

Mai gilashi ta yi murmushi, ta ce tana so ta ji daga bakin uwargida. Ta sunkuyo ta yi tambaya da Hausarta ta 'yan boko. Sadiyatu ta kalli leɓɓan. Jan baki mai kyau. Ba ta kama ko kalma ba.

Matar ta maimaita.

Hajiya Lantana ta yi dariya ta karɓe: “Kunya ta, ranki shi daɗe. Matanmu na nan ba su magana gaban miji.”

Aka yi dariya. Dariyar ce Sadiyatu ta gani, baki talatin a buɗe, har da na Muntari. Ta miƙe da goyonta. Wanda ba ya jin kansa ba ya sanin ƙarfin muryarsa, don haka abin da ta ɗauka magana ce a hankali, har mai shayin bakin titi ya ji.

“Ku hwaɗa mata ba ni ji! Ba kunya ba ta, ba ni ji!”

Ta ɗage hijabi ta gefen dama, a gaban maza, a gaban kowa. Ta zaro audugar. Ta taka har teburin baƙi ta ajiye ta a kan ɗan littafin matar, ja da ruwan ɗorawa a cakuɗe, tana wari.

“Ga raunin da aka gani. Malama Laraba, nuna musu ni. Nuna musu ni huɗun nan!”

Muntari ya kamo hannunta yana murmushi ta gefen baki. “Ba ta da lahiya, iska ka taɓa ta wani lokaci...”

Hajiya ta kafe Laraba da ido, irin kallon da ke cewa ki tuna albashi. Laraba ta dubi Hajiya. Ta dubi audugar. Ta danna.

Rake ya ɓace daga ƙyalle. Layi huɗu suka fito, manya-manya, suna ɗaya, lamba ɗaya, kore huɗu. Wani daga cikin baƙin ya karanta lambar a fili, a hankali, yana duban jama'a. Bai kai ƙarshe ba mutane suka fara juyowa, don rabin matan wurin sun taɓa kiran lambar nan su tambayi ko sabon kaya ya iso.

Muntari ya saki hannun. Ya nemi takalmansa, alhali suna ƙafarsa.

A ranar, ba Juma'a ba, Hajiya ta tuna lambar sirri. Fayil ya zama ja cikin minti biyu. Minti biyu, jama'a. Aka buga takarda, aka sa hatimi, aka sa Sadiyatu a motar ofis zuwa asibiti, Laraba ta raka ta.

Likita ya haska hagu. Ya haska dama ya daɗe. Sannan ya rubuta a takarda ya miƙa wa Laraba, don ya ga faɗa wa Sadiyatu da baki ba shi da amfani. Na hagu ya mutu tuntuni. Na dama dodon kunnen ya fashe, ƙwayar cuta ta ci ciki. Za a ba da magani ruwan ya tsaya. Ji kuwa, abin da ya saura shi ne ya saura. Da an zo wata biyu da suka wuce, da wata magana ce.

Wata biyu da suka wuce tana zaune a kan bencinsu, da goyo, ana buɗe mata sabon fayil.

Sauran kuwa kowa ya samu abin faɗa. Muntari na zagaya kasuwa yana cewa 'yan boko sun kashe masa aure, kuma akwai masu ba shi haƙuri. Inna Delu ta ce dama yarinyar ba ta da tarbiyya, mace ta buɗe kai gaban maza. Kawu ya aiko a gaya mata ta zubar masa da mutunci. Baƙi sun koma Abuja, sun rubuto cewa a ƙara wa ma'aikata horo, za a yi bita ta huɗu, a otal. Laraba ta samu takardar tuhuma mai shafi biyu: ta tona sirrin mai ƙorafi a bainar jama'a. Sirrin da aka yi wata huɗu ana karanta wa mijin ta waya. An ɗauke ta daga kan kwamfuta an mai da ita rabon katin layi. Sauran mata goma sha ɗayan nan, Hajiya ta ce za a duba su a hankali, bayan rahoto na gaba.

Sadiyatu ta samu ɗakinta. Katifa biyu, taga ɗaya, da wata mata mai karyayyen hannu da suke kwana tare. Ba mai kiran ta daga zaure. Ko an kira ma.

A kwana na shida, da hantsi, tana zaune tana ninke kayan yarinya, Rukayya na dafe da gwiwarta tana tsaye, sai abokiyar ɗakin ta zabura ta dafa ta da hannun mai lafiya, fuskarta duk murna. Ta matso, ta buɗe baki sosai yadda za a karanta.

“Ta yi magana! Ta ce Inna!”

Sadiyatu ta ajiye rigar. Ta ɗago yarinyar ta zaunar a cinya, ta juyo da ita saitin fuskarta, ta kawo kunnen dama har yana taɓa ɗan bakin.

“Sake hwaɗi,” ta ce. “Sake, Rukayya.”

Yarinya ta sake. Uwar ta ji ɗumin numfashi a kunnenta. Sai ta janye kai, ta zuba wa leɓɓan ido, ta ce ta sake.